Mako Da Sati: Yadda Ranakun Kiɗa Da Wasa Suka Sauya A Ƙasar Kano

Sau da yawa in mutum yana karanta littattafan da 'yan'uwa marubuta ke fitarwa, sai ya tarar an ce wata rana da daddare aka tafi gidan biki, makaɗa suna ta kiɗa, jama'a suna ta rawa. Wace rana ce? Wane kiɗa ne? Su wa ke yin sa? Oho. Alhali kuwa a garin Bahaushe na da, ko makaho ne ya kasa kunne zai gaya maka ranar da ake ciki, domin kowace rana da irin amonta. Ba a liƙa takarda a bango, ba a buga sanarwa a jarida, amma kowa ya san daren da za a ji kakaki, da yammacin da za a ji kalangu, da inda zai nufa in yana son kallo. Tarihin wannan tsari ne nake so mu ɗan bi sawunsa, musamman a birnin Kano da ƙauyukanta.

Mu fara da kalmomi biyu da muke faɗa kullum ba tare da mun tsaya mun dube su ba, wato mako da sati. A yau ɗaya muka ɗauke su, amma asalinsu ba ɗaya ba ne. Mako tsohuwar kalma ce, kuma sunayen ranakunsa bakwai, daga Lahadi har Asabar, daga Larabci muka same su tare da zuwan Musulunci. Sun zauna mana har muna kiran 'ya'yanmu da su: Ladi, Talatu, Balarabe, Lami, Jummai, Ɗan'asabe. Ita kuwa sati baƙuwa ce, daga sunan da Turawa ke kiran ranar Asabar muka gutsuro ta. Mako yana hutawa Alhamis da Juma'a, sati kuwa yana hutawa Asabar da Lahadi. A ganina, in aka fahimci yadda waɗannan biyu suka yi ta ja-in-ja tun daga 1903 da Turawa suka ci Kano, to an fahimci rabin tarihin kiɗa da wasanninmu na wannan zamani.

A lissafin mako, dare shi ke gaba da rana. Saboda haka in Bahaushe ya ce daren Juma'a, yana nufin daren da ke biyo bayan faɗuwar ranar Alhamis. Wannan dare shi ne babban daren mako. Makarantun allo tun Laraba suke tashi, yara su kai wa malam kuɗin Laraba, ba za a koma karatu sosai ba sai Juma'a ta wuce. Ke nan yara suna sake, dandali ya cika, 'yanmata suna gaɗa, samari suna langa da kokawa, tsofaffi mata suna ba ƙanana tatsuniya.

A wannan dare ne kuma makaɗan fada ke taruwa a ƙofar gidan sarki su yi kiɗa da busa. A Zazzau ana kiran wannan kiɗa sara, kuma David Ames da Anthony King sun ambace shi a littafinsu na kalmomin kiɗan Hausa da ya fito a 1971. Kiɗa ne da ba a yinsa don rawa. Masu kakaki da farai da algaita da 'yan ganga su jeru, maroƙan baki suna fassara wa jama'a abin da busa ke faɗa, ana ambaton sarki da iyayensa da kakanninsa. Talakan da ke kwance a ɗakinsa can ƙarshen unguwa in ya jiyo, ya san abu biyu: gobe Juma'a, kuma sarki yana nan lafiya. In aka yi daren Juma'a shiru, to akwai magana. Hakimai ma a garuruwansu suna da nasu daidai gwargwado, da kotso ko taushi ko jauje ko banga, kowa da abin da darajarsa ta ba shi. Tambura kam ba a taɓa su sai da babban dalili, kamar naɗin sarauta ko Salla.

Kayan nan sun daɗe. Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, ya nuna cewa a zamanin Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) aka fara busa wa sarkin Kano kakaki, kuma shi ne ya kafa kasuwar Kurmi, ya gina gidan sarautar da ake ciki har yau. Da aka yi jihadi a 1804, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soki shagala da kaɗe-kaɗen banza a cikin Kitabul Farƙi, ya nuna cewa ganga ta halatta ne in da wata bukata, kamar tara runduna. Amma sarakunan da suka biyo baya ba su jefar da kakaki da tambari ba. Abin da ya faru shi ne an rarrabe kiɗa hawa-hawa. Na sarauta ya zauna a fada da martabarsa, na sana'a aka ƙyale shi, goge da garayar bori kuwa aka tura su gefe, suka koma gidajen mata masu zaman kansu da bayan ganuwa. Wannan rabo ya bi mu har yau, ko da yake ba kowa ke lura da shi ba.

Ba fada kaɗai ke raya daren Juma'a ba. 'Yan Ƙadiriyya suna haɗuwa a zawiyoyinsu su yi zikiri da bandiri, abin da ya bunƙasa ƙwarai a Kano a hannun Shaihu Nasiru Kabara, wanda ya rasu a 1996. Su kuma 'yan Tijjaniyya nasu babban zikirin ranar Juma'a ne bayan La'asar har zuwa Magariba. Masu yin waɗannan ba sa kiran abin da suke yi kiɗa ko wasa, ibada ce a wurinsu, kuma ya kamata marubuci ya kiyaye wannan. Sai dai duk mai nazarin waƙa ya san cewa karin murya da yawa da sha'irai ke ɗora baitocinsu a kai, a irin waɗannan majalisu kunnuwansu suka saba da su tun suna yara. Gari na wayewa kuma, sarki ya fito zuwa masallaci da 'yan algaita da dogarai, a sauko, a yi gaisuwar Juma'a, makafi masu bara da waƙa su jeru a hanya, 'yan kama su riƙa kwaikwayon malamai suna wa'azin tuwo da miya, jama'a na dariya.

Wannan na birni ke nan. A karkara kuwa kasuwa ce ke riƙe da mako, kuma a nan ne abin ya fi armashi. Ba kamar ƙasar Ibo ba inda kasuwa ke zagayowa bayan kwana huɗu, tamu bakwai-bakwai take ci. Har garuruwa sun ci sunan ranar kasuwarsu: Larabar Abasawa, Ladin Makole, da Talatar Mafara can ƙasar Zamfara. Wudil Juma'a take ci, Ɗambatta Lahadi, Maigatari Alhamis. Tun jajibiri makaɗin mahauta zai rataya kalangunsa ya zaga gari, kowa ya ji ya san Sarkin Fawa zai yi yanka, har mai kunne yakan gane ko sa ne ko raƙumi daga irin zumuɗin kiɗan. Ran kasuwa da hantsi masu magani su baza kolinsu, gardawa su zo da kura ko maciji, 'yan gambara su bi rumfa-rumfa da zambo da ba'a, wanda ya ba su ya tsira, wanda ya hana ya sha habaici a gaban surukansa. Can da La'asar, in 'yanmata sun sayar da tallarsu, sai a buɗe fili a bakin kasuwa, mai kalangu ya kama taken wannan ya saki ya kama na waccan, samari suna liƙi. Aure da yawa a nan aka ƙulla shi. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta labarin rayuwarta aka buga a 1954, ta ba da labarin irin wannan rawa ta ranar kasuwa tun tana yarinya, kafin zuwan Turawa.

Abin lura a nan shi ne, shi makaɗi bai da gari ɗaya a mako. Kasuwa yake bi. Yau yana gabas, gobe yana arewa, jibi ya kwana a gidan wani mai gari, ranar bakwai ya dawo inda ya faro. Ta haka waƙar da aka ƙaga a wannan ƙauye take isa wancan cikin 'yan kwanaki, ta haka kuma labarin rowar wani attajiri ke riga shi isa kasuwa. In kaka ta yi, amfani ya shiga rumbu, sai dambe da kokawa da kalankuwa su hau kan wannan zagaye. Dambe tun asali wasan mahauta ne. Clapperton, Baturen da ya sauka Kano a 1824, ya nemi a nuna masa 'yan dambe, ya kuma rubuta cewa sun zo masa da makaɗa biyu da gayyar mahautan gari.

Akwai kuma wani bakwai ɗin da ba ya bin Juma'a ko kasuwa, shi ne na biki da suna. Jaririn da aka haifa Talata, Talata mai zuwa za a raɗa masa suna, maroƙa su yi sammako, Sanƙira ya yi shela, wanzami ya yi aski, da yamma mata su kafa kiɗan ƙwarya a cikin gida. Bikin budurwa shi ma kwanaki yake ɗauka, daga kamu da sa lalle zuwa wuni da ɗaukar amarya da sayen baki da buɗar kai, kuma kusan kowace gaɓa da waƙarta, mafi yawa a bakin mata. Daga wannan tsakar gida ne amada ta fito har ta haifar da irin su Uwaliya Mai Amada a Kano da Barmani Choge ta Funtuwa. Hatta Takutaha, ranar da Kanawa ke hawa Dala, lissafin suna ne, domin kwana bakwai ne bayan Mauludi. Makon Salla kuwa kowa ya san jerinsa: hawan Idi, hawan Daushe, hawan Nassarawa, sannan Ɗorayi ko Fanisau. Shi wannan ya sami masu rubuta shi da ɗaukar hotonsa, har hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a watan Disamba 2024, don haka ba sai na tsaya a kansa ba. Abu ɗaya kawai zan nuna: hawan Nassarawa ɗan zamanin Turawa ne, ziyara ce da sarki ke kai wa Razdan, wadda yanzu gwamna ya gada.

To, ina sati ya shigo? Da jirgin ƙasa ya shigo. Dogo ya iso Kano a 1911, ciniki na gyaɗa ya buɗe, aka kafa Sabon Gari don ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu, Fage ta cika da baƙi. Aka sami wani sabon mutum wanda ƙasar Hausa ba ta san shi ba a da, wato mai albashi: akawu, masinja, ɗan sanda, direba, leburan kamfani. Shi wannan ba ruwansa da ranar kasuwa. Asabar da rana yake tashi daga aiki, Lahadi ya huta, kuɗi kuma sai ƙarshen wata ko ƙarshen sati. Makaɗi kuwa inda kuɗi yake nan yake. Sai ga shi daren da Asabar ta faɗi, wanda a lissafin mako ba kowan kowa ba ne, ya zama daren goge da kukuma a otal-otal da kulob-kulob na bayan ganuwa. Kiɗan da aka kora daga cikin birni ya sami gida, ya sami rana, ya kuma sami abin da bai taɓa samu ba, wato kuɗin ƙofa. A da mai kallo ba ya biya kafin ya gani, sai in an wasa shi ya yi kyauta. Yanzu sai ka yanki tikiti. Wannan canji ba ƙarami ba ne, domin ya 'yanta makaɗi daga dogaro da ubangida ɗaya, ya kuma ɗaure shi ga son ran masu shiga. A irin wannan fage ne su Garba Supa da Ibrahim Na Habu da Ali Makaho da Hassan Wayam suka yi tashe. Mamman Shata kuwa, mutumin Musawa, ya ɗauki kalangu, kayan kiɗan mahauta da 'yanmata, ya shiga da shi ko'ina, daga filin wasa har gaban sarakuna, bai bar wa mako ba bai bar wa sati ba.

Silima ma a wannan ɓangare ta sauka. An buɗe Rex a 1937, wasu suka biyo baya. Ranar Lahadi 13 ga Mayu 1951 gobara ta tashi a silimar El-Duniya, mutum fiye da 300 suka mutu, kuma da yawa a cikin birni suka ɗauki abin a matsayin ishara. Duk da haka ba a daina zuwa ba, kuma finafinan Indiya da aka yi shekaru ana kallo a waɗannan gidaje su ne daga baya suka ba waƙar finafinanmu kamanninta.

Sai rediyo, wadda ita ce ta yi wa tsohon tsari babbar illa, ta kuma yi masa babban rai. A 1944 aka kafa rediyon waya a Kano, aka rataya akwatuna a bakin kasuwa da ƙofar manya. A 1957 BBC ta buɗe sashen Hausa, a 1962 kuma gidan rediyo da talabijin na Kaduna ya fara aiki. Daga nan mutumin Gwarzo ba ya bukatar zuwa Maradun kafin ya ji Musa Ɗanƙwairo, Bahaushen Kumasi ko na Damagaram yana jin Ɗan Maraya Jos a daren da mutumin Fage ke jin sa. Waƙar da aka yi don fada ɗaya ta zama ta kowa. Amma ita ma rediyo mako-mako take tafiya, sai dai nata jadawalin a ofis ake tsara shi. Jama'a suka koma lissafin ranaku da shirye-shirye: yau Zaɓi Sonka, gobe Samanja, jibi Zaman Duniya Iyawa Ne. Yaran da a da ke fita dandali suka koma tsugunne a ƙofar gidan mai talabijin.

Mu marubuta muna da namu kaso a nan, kuma ya kamata sababbin shiga su san shi. Sha'iran Kano sun kafa ƙungiyoyi, Hikima ta Mudi Sipikin da Hausa Fasaha ta su Aƙilu Aliyu, suna haɗuwa su karanta wa juna, su kuma rera a rediyo. Mata irin su Hauwa Gwaram da Hajiya 'Yar Shehu, masu littafin Alƙalami A Hannun Mata, ta wannan hanya muryarsu ta fita. Waƙar da aka san za a rera ta a gaban mutane a rana kaza ba ta yin sanyi a aljihu, dole a gama ta, dole kuma ta daɗa wa kunne. Ina ganin rashin irin wannan matsi yana cikin abin da ya sa waƙoƙin wasunmu na yanzu suke da kyau a ido amma in an ɗaga murya da su sai su yi ɗingishi.

A jami'o'i kuma aka ƙago Makon Hausa. Ƙungiyar Hausa ta ɗalibai, kamar ta Jami'ar Bayero, takan ware kwanaki a shekara ta gayyato makaɗa da sha'irai da 'yan dambe da 'yan wasan kwaikwayo, a yi lacca da rana a yi wasa da dare. Alherinsa ba ya musuntuwa: a nan aka ɗauki muryoyi da yawa a kaset, a nan makaɗi ya zauna kujera ɗaya da farfesa, har ta kai Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a kan Shata a 1975, Jami'ar Ahmadu Bello kuma ta ba Shatan digirin girmamawa a 1988. Amma sunan kansa abin tunani ne. Abin da a da ake yi kowane mako, ya zama sai an ware masa mako ɗaya a shekara, a cikin zaure, da shugaban taro da babban baƙo. Tun 2015 ma rana ɗaya ake ware wa, 26 ga Agusta.

Abin da ya biyo baya da sauri ya zo. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya, fim ɗin bidiyo ya kankama, kafin shekara goma fiyano ta shiga situdiyo, yaro ɗaya da yatsunsa ya maye gurbin mai kalangu da mai kuntuku da 'yan amshi shida. A 2000 aka ƙaddamar da shari'a a Kano, a 2001 aka kafa hukumar tace finafinai, wasannin dare a otal suka ja baya. Harin da aka kai wa birnin ranar Juma'a 20 ga Janairu 2012 da dokar hana fita da ta biyo baya suka ƙara rufe dare. Manyan makaɗan kuma suka yi ta tafiya, Ɗanƙwairo a 1991, Shata a 1999, Barmani a 2013, Ɗan Maraya a 2015.

Kada mai karatu ya ɗauka mako ya mutu. Har gobe ana jin bandiri a daren Juma'a a unguwannin cikin birni, makarantun allo suna tashi Laraba, Wudil tana ci Juma'a, suna kuma bai bar kwana bakwai ba. Amma biki ya miƙa wuya. An matse shi ya koma daga Alhamis zuwa Lahadi don ma'aikata su samu zuwa, an fitar da shi daga tsakar gida zuwa zauren haya da ake biya da awa, mai kwamfuta da manyan lasifika ya karɓe wurin masu ƙwarya. Dambe ma, wasan kaka da ranar kasuwa, yanzu gida gare shi mai katanga da mai karɓar kuɗi a ƙofa, rani da damina, a Sabon Garin Kano da Dei-Dei ta Abuja, kuma ɗaya daga cikin manyan zamansa shi ne damben safiyar Lahadi, lokacin da mai albashi ba ya zuwa ofis.